Tsofaffi, tatsuniya da yunwa a fina-finan da ba na kasuwa ba: me suke gani da mu ba mu gani?

Ɗan Kurmi ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya a kan fina-finan ƙasashen waje waɗanda ake yi da ɗan kuɗi kaɗan, ba tare da babban kamfani ya tsaya wa mai shirin a kai ba, musamman waɗanda suka ɗauki tsoho ko tsohuwa suka sa a tsakiyar labari.

Mu da muka tashi da kallon fina-finan Indiya mun saba da hanya ɗaya ta nuna tsufa, wadda Baghban na shekarar 2003 ya zama babban misalinta: iyaye nagari sun sha wahalar renon 'ya'ya, 'ya'yan sun girma sun butulce, sannan Allah ya ɗaukaka iyayen, 'ya'yan suka dawo cikin kunya. Yawancin fina-finanmu na Hausa a kan wannan turba suke, ko kuwa su mai da tsohuwa uwar miji mai makirci. Amma a Indiyar nan ce Satyajit Ray ya yi Pather Panchali a 1955, da kuɗin da bai kai ya kawo ba, har sai da ya jinginar da gwala-gwalan matarsa kafin gwamnatin jihar Bengal ta Yamma ta ƙarasa biya masa. A ciki akwai gwaggo Indir, tsohuwar da ta ranƙwafa, wadda ke zaune a gidan dangi matalauta. Matar gidan tana yi mata gorin abinci, tana korarta, amma mai kallo ba ya iya tsine wa matar, domin yana ganin yadda take auna shinkafar da za ta ciyar da 'ya'yanta biyu alhali mijinta ya tafi nema. Tsohuwar ma ba waliyiya ba ce, tana ɗan ɗebe kayan miya a ɓoye. Ita ce kuma ke ba yara labaran dodanni da dare, a ƙarshe ta mutu ita kaɗai a cikin kurmin gora.

Tambayata kashi biyu ce. Me ya sa irin waɗannan fina-finai, daga ƙasashen da ba su haɗa harshe ko addini ba, suke yawan haɗa tsufa da tatsuniya da kuma fafutukar tsira da rai? Sannan ƙin nuna wane ne mugu da suke yi, gaskiya ce suke faɗa, ko kuwa wanke masu wulakanta iyaye ne?

Malamin Adabi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Kurmi. Amsata ga kashi na farko ita ce tatsuniya tana ba mai shirin fim damar faɗin abin da ba ya faɗuwa a gaban jama'a. Babu wanda zai miƙe a taron dangi ya ce abinci ya yi kaɗan, kuma bakin da ya fi sauƙin cirewa shi ne na wadda ta daina aiki. Amma idan aka ce a wani zamani, a wani ƙauye, sai kowa ya zauna ya saurara.

Misalin da ya fi fito da wannan a fili daga Japan yake. Suna da tsohuwar almara ta kai tsofaffi kan dutse a bar su, kuma masana tarihinsu ba su samu hujjar cewa hakan ya taɓa zama al'ada gama-gari ba, wato abin ya fi zama labari da tsoro fiye da tarihi. Marubuci Shichiro Fukazawa ya gina ɗan littafi a kanta a 1956, Keisuke Kinoshita ya mai da shi fim a 1958, sannan Shohei Imamura ya sake yin sa a 1983 da sunan The Ballad of Narayama, ya kuma ci babbar kyautar bikin fina-finai na Cannes a Faransa a wannan shekarar. A ƙauyen labarin, duk wanda ya cika shekara 70 dole ɗansa ya goya shi zuwa dutsen Narayama. Tsohuwa Orin tana da 69, lafiyarta ƙalau, haƙoranta duk suna nan, kuma wannan lafiya ce abin kunyarta, domin tana nuna har yanzu tana iya cin rabon jikoki. Saboda haka da kanta ta kakkarya haƙoranta na gaba a jikin dutse. Ta yi amfani da shekararta ta ƙarshe wajen gyara gida: ta sama wa ɗanta Tatsuhei mata bayan mutuwar ta farko, ta nuna wa amaryar wurin da take kama kifi wanda ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

Abin da ya sa nake ganin fim ɗin bai wanke kowa ba shi ne Imamura ya ajiye wasu abubuwa biyu kusa da labarin Orin. Na farko, wani gida da aka kama da satar abinci, sai mutanen ƙauye suka binne su da rai gaba ɗaya, har da yara. Na biyu, wani maƙwabci tsoho da ya ƙi tafiya, yana kuka yana turjiya, ɗansa ya ɗaure shi ya jefa shi daga kan tsauni. Doka ɗaya ce, amma ɗa ɗaya ya goya mahaifiyarsa zuciyarsa tana tsagewa, ɗaya kuma ya yar da mahaifinsa don ya huta. Mai kallo ba ya buƙatar a yi masa wa'azi kafin ya bambance su. Sai dai ina jan hankali cewa a fim ɗin Imamura akwai tsiraici da abubuwan da ba su dace a kalla tare da iyali ba. Na Kinoshita ya fi kamun kai, an tsara shi ne kamar wasan dandamali.

Bayan kusan shekara 40, Chie Hayakawa, ita ma 'yar Japan, ta ɗauko wannan tsoro ta sa masa rigar zamani a Plan 75 na 2022. A labarinta gwamnati ta buɗe shiri ga duk wanda ya kai 75 ya zaɓi a ɗauke masa rai cikin sauƙi, a ba shi yen 100,000 ya kashe yadda yake so kafin ranar. Babu mai tilastawa. Ma'aikatan shirin matasa ne masu ladabi da murmushi. Jarumar, Michi, mai shekara 78, tana aikin share ɗakunan otal, aka sallame ta, ta nemi aiki ta rasa, ta nemi gidan haya aka hana ta saboda shekarunta, har ta ga babu ƙofar da ta rage a buɗe sai waccan. A ƙasar da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na mutanenta sun haura 65, wannan ba labarin nesa ba ne a wurinsu. Mu ma kakanninmu sun raɗa wa yunwa sunaye, irin su Kakalaba ta 1914, kuma waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 suna raye. Abin da aka yi a cikin gidaje a waɗannan shekaru, wa aka fara ba, wa aka ce ya yi haƙuri, shi ne ba mu cika ba da labarinsa ba.

'Yar Damagaram ta amsa:

Malam, na yarda da kai a kan cewa tatsuniya mayafi ce, amma ina ganin ka bar rabin maganar. A fina-finan Afirka da na sani, labarin da jama'a ke bayarwa a kan tsohuwa sau da yawa shi ne makamin da ake kashe ta da shi. Duba tatsuniyoyinmu ma: tsohuwa ce ke bakin rafi tana gwada tarbiyyar yarinya ta ba ta arziki, tsohuwa ce kuma ke rugawa fada ta tambayi sarki kunnensa nawa don ta kai tsegumi. Al'umma tana riƙe da fuskokin biyu, ta ɗauko wadda ta dace da bukatarta.

Idrissa Ouedraogo na Burkina Faso ya gane haka a Yaaba na 1989, wanda ya ɗauka da harshen Mosi a wani ƙauye kusa da Wahiguya, yawancin 'yan wasan kuma ƙauyawa ne da ba su taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Sana tsohuwa ce da ke zaune ita kaɗai a bayan gari, ana ce mata mayya. Rumbu ya ƙone, ita ce. Yara suna jifanta da duwatsu. Yaro Bila ne kaɗai ya matso kusa da ita, yana kiranta kaka, har ya sato kaza ya kai mata. Da 'yar'uwarsa Nopoko ta kwanta bayan an yanke ta da wuƙa mai tsatsa, sai wani bokan ƙarya ya ce Sana ce ta kama kurwarta, aka je aka ƙone mata bukka, alhali a lokacin tana kan hanyar nemo maganin da ya warkar da yarinyar. Sai a ƙarshe muka ji dalilin ƙyamar daga bakin mashayin ƙauyen: mahaifiyarta ta mutu wurin haihuwarta, mahaifinta ya bi ta don baƙin ciki, ta tashi ba ta da kowa. Wato ba wani abu ta yi ba, rashin mai tsaya mata ne laifinta.

Wannan ba almara ba ce a yankinmu. A Gambaga ta arewacin Gana akwai matsugunin matan da aka kora da zargin maita, haka ma cibiyar Delwende a Wagadugu. A ƙasar Hausa ma kowa ya san yadda ake tsare tsohuwa a ce ta tsallake mara lafiya, kuma da wuya ka ji an yi wa wadda 'ya'yanta maza suke da ƙarfi a gari. Shi ya sa ban ga Yaaba a matsayin fim mai wanke kowa ba. Mahaifin Bila mutum ne na yau da kullum, mai son iyalinsa, kuma yana cikin masu zaluncin. Wannan ya fi tayar da hankali fiye da a kawo mugu mai jajayen idanu, domin mai kallo ba ya samun wanda zai ɗora wa laifi ya tsira da kansa.

Akwai kuma inda tsohuwa ke riƙe da labarin a hannunta. A This Is Not a Burial, It's a Resurrection na 2019, wanda Lemohang Jeremiah Mosese na Lesoto ya yi, Mantoa mai shekara 80 tana jiran ɗanta ya dawo hutu daga mahaƙar ma'adinai ta Afirka ta Kudu, sai labarin mutuwarsa ya iso, kuma shi ne na ƙarshen danginta. Ba ta son komai sai ta mutu a binne ta kusa da su. Sai ta ji za a tashi ƙauyen saboda madatsar ruwa, maƙabartar za ta nutse. Matar da ke neman mutuwa ita ce ta zama mai tayar da gari. Lesoto tana sayar wa Afirka ta Kudu ruwa bisa yarjejeniyar 1986, an kuma tashi ƙauyuka saboda haka, kamar yadda tsohon garin Bussa ya shige ƙarƙashin tafkin Kainji a 1968. Wani mai busa ne a mashaya yake ba da labarin kamar waƙar baka, don haka fim ɗin yana nuna yadda ake ƙera sabuwar almara daga mace mai rai. Mary Twala, wadda ta fito a Mantoa, ta rasu a 2020, shekarar da fim ɗin ya samu kyauta ta musamman a bikin Sundance na Amurka.

Uwar Gida ta amsa:

Ni ba masaniyar fim ba ce kamar ku, amma na yi jinyar surukata har Allah ya karɓi abinsa, don haka zan tsaya a kan kashi na biyu na tambayar.

Ƙanena Ɗan Kurmi, wanda bai taɓa ɗaga babba daga shimfiɗa ya wanke shi ba yana iya raba mutane gida biyu, masu biyayya da masu saɓo. Wanda ya yi ya san gajiya da ƙauna suna kwana a zuciya ɗaya. Fim ɗin da na ga ya faɗi wannan gaskiya babu tatsuniya ko ɗaya a cikinsa, shi ne A Separation na Asghar Farhadi daga Iran, na 2011, wanda ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Berlin, ya kuma zama fim ɗin Iran na farko da ya ci Oscar. Simin tana son su bar ƙasar saboda makomar 'yarsu, mijinta Nader ya ƙi saboda mahaifinsa da cutar mantuwa ta cinye. A gaban alƙali ta ce masa tsohon bai ma san shi ɗansa ba ne, shi kuma ya amsa cewa ai shi ya san mahaifinsa ne. Kowannensu yana da gaskiya, auren kuma ya mutu a tsakanin gaskiyar biyu.

Amma wadda ta tsaya mini a rai ita ce Razieh, matalauciyar da aka ɗauka jinya, mai ciki, mai tsoron Allah, wadda ba ta gaya wa mijinta ta karɓi aikin ba. Rana ta farko tsohon ya ɓata jikinsa, babu kowa a gidan sai ita da ƙaramar 'yarta. Sai ta ɗauki waya ta kira masu ba da fatawa ta tambaya ko zunubi ne ta canza wa namijin da ba muharraminta ba tufafi. Duk macen da ta yi jinya a gidan Musulmi ta san wannan tambaya. Muna karanta ayar Suratul Isra'i da ta hana a ce wa iyaye ko da tir, kuma gaskiya ce da babu ja a cikinta, amma hannun da ke cika wannan umarni a aikace yawanci na mace ne, matar ɗa ko 'ya ko 'yar aiki, sunan biyayyar kuma ya tafi ga namijin da ke biyan kuɗin magani. Fim ɗin da ya nuna wannan bai rage darajar iyaye ba. Ya ƙara mutum ɗaya ne a cikin waɗanda suka cancanci tausayi.

Ɗan Kurmi ya sake rubutawa:

Allah ya jiƙan surukarki, Hajiya, ya saka miki da alheri. Maganarki ta warware mini kashi na biyu. Abin da ya rage mini shi ne wannan: duk fina-finan da aka ambata a Turai ko Amurka aka karrama su. Shin don mu aka yi su kuwa?

Bakatsinen Yamai ya amsa:

Wannan ƙorafi ya daɗe, Malam, kuma yana da tushe. An zargi Ouedraogo kansa, bayan Yaaba da Tilai na 1990, da cewa ƙauye da ƙwarya yake sayar wa Turawa saboda su ne ke ba da kuɗi. Ba a iya musun inda kuɗin ke fitowa. Fim ɗin Lesoto da aka ambata shirin horarwa na bikin Venice ne ya ɗauki nauyinsa, akwai kuma asusun Hubert Bals na Rotterdam da asusun bikin Berlin da ke tallafa wa irin waɗannan ayyuka. Mai zaman kansa daga kamfani ba lallai ne ya zama mai zaman kansa daga ɗanɗanon alƙalan gasa ba, kuma ina zargin wasu matasa suna cusa aljanu da tsafi a labarinsu don sun lura hakan na buɗe ƙofa.

Duk da haka ban yarda jigon baƙo ne a wurinmu ba, domin namu sun riga sun yi shi. A farkon shekarun 1970, lokacin da fari ke cin Sahel, Moustapha Alassane na Nijar ya yi Toula daga almarar da Boubou Hama ya rubuta: ruwa ya ƙafe, boka ya ce sai an ba aljanin tafki budurwa, saurayinta ya bazama neman ruwa don ya cece ta, ya dawo bayan an gama. A 1972 Oumarou Ganda, shi ma ɗan Nijar, ya zama na farko da ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka na Wagadugu. A Najeriya kuwa Adamu Halilu ya yi Shaihu Umar da Hausa a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, inda uwa ta ƙetare Sahara tana neman ɗanta da aka sace, ta faɗa cikin bauta, ta tsufa a hanya, ta gan shi daf da mutuwarta. Fim ɗin ya ɓace shekaru da yawa kafin a gano faifansa a gyara, kuma a Berlin aka nuna gyararren a 2018. Ba Turawa ne suka ɓatar mana da shi ba, rashin adanawa ne.

Zan ƙara misali ɗaya saboda yawancin maganarmu a kan tsofaffin mata ta tsaya. Mahamat-Saleh Haroun na Cadi ya yi Un homme qui crie a 2010 a kan Adam, tsohon zakaran ninƙaya da ke kula da tafkin wani otal a Injamena. Sababbin masu otal suka ba ɗansa Abdel aikin, suka mai da shi mai gadin ƙofa. Ana yaƙin basasa, mai unguwa yana matsa masa ya ba da gudummawa, ba shi da kuɗi, sai ya bari sojoji suka tafi da ɗan, ya koma bakin tafkinsa. A nan uba ne ya sadaukar da ɗa saboda tsoron zama mara amfani, abin da da wuya mai neman kasuwa a Kano ya yarda ya sa kuɗinsa a kai. Bayan fim ɗin ya ci kyautar alƙalai a Cannes, gwamnatin Cadi ta gyara gidan silima na Normandie aka sake buɗe shi a 2011, don haka yabon waje wani lokaci yana dawo da wani abu gida.

Abin da za a iya yi yanzu ba mai tsada ba ne. Masu fassara fina-finan Indiya zuwa Hausa sun nuna akwai ƙwarewar ɗora murya, akwai kuma masu saye. Da za a nemi izinin masu haƙƙin mallaka, da Yaaba zan fara, domin maganganunsa kaɗan ne, tsawonsa awa ɗaya da rabi ne, babu abin da zai hana a kalle shi da yara, kuma rumbu da rijiya da zargin maitar da ke cikinsa ba sa bukatar a yi wa mutumin Tasawa ko Ɗanbatta bayani. Bayansa sai Toula, sannan a matsa wa Hukumar Fina-finai ta Najeriya da ke Jos ta fito da Shaihu Umar inda talaka zai iya ganinsa a wayarsa.